Gidan Nasif na Jidda: yadda aka tayar da bene da dutse mai shan ruwa

Alhajin da ya taɓa shiga Balad, wato tsohon garin Jidda, sayen tsaraba, ya ratsa Kasuwar Alawi tsakanin masu turare da masu yadi, da wuya a ce bai gifta ta gaban Gidan Nasif ba, ko da bai san sunansa ba. Dogon gida ne mai tagogin katako da suka turo kai waje, da ɗan fili a gabansa, da tsohuwar darbejiya tsaye kusa da ƙofa. An ɗora harsashinsa a 1872 aka gama a 1881. Mai shi Umar Nasif ne, attajiri kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda. Ana ƙirga masa ɗakuna 106. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a Disamban 1925, a nan ya riƙa karɓar baƙi da jakadu. Gwamnatin Saudiyya ta sayi gidan a 1975, yau kuma yana tsakiyar tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Mai sana'ar gini idan ya tsaya gaban gidan nan, ba sarakunan da suka kwana ciki ne za su fara ɗaure masa kai ba. Dutsen ne. Mutanen Jidda suna ce masa manƙabi. Asalinsa murjani ne, halittun tekun nan masu tara ɓawo kan ɓawo, wanda ya daɗe da mutuwa ya daskare ya zama shimfiɗa a gaɓar Bahar Maliya. A bakin gaɓa ake saro shi, da kewayen tafkin Arba'in da ke arewa da tsohon garin. Ka ɗaga guda, za ka ji bai kai nauyin da ido ya ba shi ba. Jikinsa duk ƙofofi ne kamar soso, wani wurin har zanen murjanin da gutsuren ƙumba ana gani. Ka zuba masa ruwa ya shanye nan take, ka karce shi da ƙusa ya zubo da gari.

Yana da kirkinsa. Da gatari da gizago ake fafe shi, ba ya wahalar da mai sassaƙa. Ba shi da nauyi, kuma iskar da ke cikin ƙofofinsa tana rage wa zafin rana saurin ratsa bango. Ga shi a bakin ƙofa, a garin da ba shi da dutse mai ƙarfi a kusa, ba shi da itace. Sai dai ba ya ɗaukar kaya mai yawa, yana zuƙar ruwa, kuma da gishirinsa ya zo duniya. Ƙasar da aka ɗora shi a kai ita ma ba ta taimaka ba: yashi ne da ɓaraguzan murjani, ruwan gishiri yana nan kusa da ƙarƙashin ƙafa, don haka harsashin gidajen Balad ba shi da zurfi. Duk da haka wasu gidajen sun kai hawa biyar, wasu shida. Abin da ya riƙe su dabara ce ta haɗa abubuwa masu rauni ta yadda kowanne ke rufa wa ɗan'uwansa asiri, kuma da an zare ɗaya, sauran su fara bin sa.

Bangon ba dutse ɗaya ba ne daga waje zuwa ciki. Fuska biyu ce ta sassaƙaƙƙun duwatsu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki, a cike tsakaninsu da ƙananan gutsattsari da laka. A hawan ƙasa kaurinsa yakan kai kimanin santimita 80, ana rage shi a kowane hawa, ta yadda nauyi ke taruwa a ƙasa, sama kuma ta yi sauƙi. Abin da ke haɗa duwatsun baƙar laka ce mai danƙo da ake kwasowa daga gindin tafki. Wanda ya saba da siminti zai raina ta, amma rauninta shi ne amfaninta. Ƙa'ida ce a ginin dutse ko'ina cewa abin haɗi kada ya fi dutsen tauri. In ƙasa ta ɗan motsa, laka ce za ta ba da kai, a sake cusa wata. In abin haɗin ya fi ƙarfi, dutsen ne zai fashe, shi kuwa ba a cusa shi.

Abin da ya fi kowane ɓangare muhimmanci shi ne katakon da ke kwance cikin bangon, wanda maginan Hijaz ke kira takalil. Bayan kowane jeri biyar ko shida na dutse, wato kusan kowace mita ɗaya da 'yan kai, sai a shimfiɗa dogayen itatuwa a tsawon bangon, ɗaya ta fuskar waje ɗaya ta ciki, a ɗaure su da gajeru da suka ratsa kaurinsa, kamar an kwantar da tsani. A kusurwa kuma sai su haɗe su sarƙe. Wanda ya lura da gidan da yaɓensa ya zube zai ga waɗannan layukan katako sun yi wa bango ɗamara hawa-hawa.

Aikinsu ya fi ɗaya. Suna daidaita jerin dutsen, don manƙabi ba ya zuwa da awo ɗaya. Suna hana fuskokin nan biyu rabuwa, wanda shi ne babban ciwon bango mai ciko a tsakiya. Suna baza nauyin rufi a tsawon bangon maimakon ya taru a wuri guda ya murƙushe dutse ɗaya. In wani gefen harsashi ya nutse, tsagar da ta taso daga ƙasa takan tsaya a ɗamarar farko, ba ta zarce har sama. Akwai kuma amfanin da ba a gane shi sai ranar gyara. Tunda kowace ɗamara tana iya riƙe abin da ke samanta na ɗan lokaci, magini zai iya tokare ta da gungume, ya rushe ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashi, ya sake gina shi, bene yana nan tsaye a sama. Wannan aikin suna ce masa ta'aliƙ, wato rataye gida. Maginan Jidda sun san gindin bangonsu zai ci gishiri ya lalace, shi ya sa tun ranar gini suka bar wa na baya hanyar canza shi.

Katakon yawanci baƙo ne, ta jirgin ruwa ya zo. Na ɗamara da na rufi yawanci gandal ne, itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku, mai tauri da jure danshi. Ana jera sandunansa kusa da kusa daga bango zuwa bango, a shimfiɗa tabarmar kaba a kai, a zuba ƙasa da tsakuwa, a daɓe. Wanda ya san rufin soro da azara ya riga ya gane tsarin, har da sharaɗinsa: tsawon sanda ne ke yanke faɗin ɗaki. Shi ya sa ɗakunan Balad suke da tsawo fiye da faɗi, kuma bangayen tsakiya suke da yawa, kowanne a kan na ƙasansa yake zaune. Mai haya da ya rushe bangon tsakiya a hawan ƙasa don ya faɗaɗa shago, ƙafa ya cire wa duk bangayen da ke samansa.

Daga nan sai fatar gidan, wato yaɓen nura. Manƙabi ba ya zama tsirara. Iskar teku mai ɗauke da gishiri tana cin sa, ruwan sama ko kaɗan ne yana wanke lakar da ke tsakanin duwatsu. Nura daga dutsen kansa take fitowa: a ƙona shi a wuta mai zafin kusan digiri 900, ya zama fararen dunƙule marasa nauyi, a zuba su cikin ramin ruwa su tafasa da kansu su narke, a bar su su tsumu ƙarƙashin ruwa har su zama kamar kindirmo mai kauri. A kwaɓa da yashi a yaɓa. Ba bushewa kawai take yi ba, iska take sha a hankali ta koma dutse irin wanda aka ƙona, abin da ke ɗaukar makonni da watanni. Ko bayan ta kama, jikinta a buɗe yake: danshin cikin bango yana fita ta cikinta, gishiri ya biyo shi ya taru a cikin yaɓen maimakon cikin dutsen. Yaɓen ya ruɓe ya zube, a kankare a sake. Zubewarsa ba alamar mugun aiki ba ce, don haka aka yi shi, kamar yadda ake sabunta yaɓen gidan ƙasa kafin damina.

Tagogin nan da kowa ke ɗaukar hotonsu, rawashin, guda kuma roshan, mutane sun fi kallonsu a matsayin ado. Adon ne, amma suna da aiki a tsayuwar gidan. Duk inda aka sa roshan an cire dutse mai yawa an maye gurbinsa da katako marar nauyi, don haka fuskar gidan da ke cike da su ta fi sauƙi a kan harsashi. Roshan yana zaune ne a kan katakan da aka dasa cikin bango suka leƙo waje kimanin santimita 60. A ciki akwai dandamalin zama da za a shimfiɗa katifa har mutum ya kwanta. Jikinsa murafai ne da ake ɗagawa a sauke, da sassaƙen raga wanda na ciki ke ganin titi, na titi ba ya ganin na ciki. A samansa akwai 'yar rumfa da ke tare rana da ruwa. Iskar Jidda daga arewa da arewa maso yamma ta fi kaɗawa, shi ya sa manyan ɗakuna da manyan rawashin suke fuskantar can. A jikin ragar ake jera tulunan ƙasa, iska ta bi ta kansu ruwan ya yi sanyi, dabarar randa ce dai. Masu hali da katakon saj suke yin su, wanda ake kawowa daga Indiya da Jawa, don yana da mai a jikinsa, gara da danshi ba sa saurin cin sa. Buɗe mashigin Suwez a 1869 da zuwan jiragen ruwa masu tururi ne suka cika aljihun 'yan kasuwar Jidda har irin wannan katako ya wadata, kuma shekara uku bayan buɗewar aka fara Gidan Nasif.

Shi Gidan Nasif babbar ƙofarsa arewa take kallo, da manyan rawashin biyu ɗaya bisa ɗaya a samanta. Akwai ta biyu ta yamma, ta mata. Ana hawa 'yan matakala kafin a shiga, wanda ya ɗaga daɓen gidan daga danshin titi. Farkon abin da za a tarar shi ne dihliz, wanda yake matsayin zaure, da ɗakunan baƙi dama da hagu, sannan babban falo na tsakiya. Can kudu, daura da ƙofa, matakalar gidan take. Tana da faɗi, hawanta kuma a kwance yake sosai, har ana cewa raƙumi na hawa da kaya zuwa sama. Dalilin a fili yake: madafin gidan a can sama yake, don hayaƙi da zafin wuta su tashi su bar mazauna, kuma dole itace da ruwa da buhunan hatsi su isa can. Ga magini kuwa matakalar tana da wata daraja. Bangayenta masu kauri da suka tashi daga ƙasa har ƙoli su ne ƙashin bayan gidan, sauran ɗakuna a jikinta suke jingine. Tsarin hawan ƙasa shi ake maimaitawa a na sama, bango kan bango. Sai an kai can ƙoli gidan ke fara sakin jiki: filayen shan iska masu katanga mai tagogi, ɗakuna masu yawan katako, da wata rumfar katako a saman komai inda ake kwana lokacin zafi. A ƙasa kuma akwai matattarar ruwan sama, domin a wancan zamanin ruwan sha a Jidda abin saye ne mai tsada. Wannan ƙarancin ruwan ne ya sa darbejiyar ƙofar gidan ta yi suna, har ana ce masa gida mai bishiya.

A nan ne maganar ta juya. An tsara waɗannan gidaje ne don garin da ruwa ke shiga gida a tulu da salka, a yi tattalinsa. Ruwan saman Jidda a shekara bai cika kai milimita 100 ba. Injin tace ruwan teku da Turkawa suka kafa a 1907, wanda ake kira kindasa, bai wadatar da kowa ba. A 1947 aka jawo ruwa daga Wadi Faɗima, a shekarar kuma aka rushe ganuwar da ta kewaye garin tun farkon ƙarni na 16. Gari ya buɗe, kuɗin man fetur ya shigo, iyalan da suka gina gidajen suka koma sababbin unguwanni a arewa. Gidajen suka koma hannun 'yan haya, yawanci baƙi masu ƙaramin ƙarfi, gidan iyali ɗaya ya zama na iyali goma. Aka huda bango aka shigar da bututun famfo, aka yi banɗaki a hawa na uku a kan daɓen ƙasa da tabarma, aka ɗora tankin ruwa a rufi, aka rataya na'urorin sanyaya ɗaki a jikin rawashin suna ɗiga dare da rana. Bututun da ke yoyo da ramukan bahaya suka ƙara ɗago ruwan ƙarƙashin ƙasa. Laifin ba na 'yan haya ba ne, su wurin kwana suke nema. Gidan da aka gina don ƙishirwa ne aka wayi gari ƙafarsa cikin ruwa.

Yadda ruwa ke kashe irin wannan bango ya cancanci a bi shi daki-daki, don nan ne masu gyara suka fi yin kuskure. Dutsen yana zuƙo ruwan ƙasa kamar lagwani, yakan hau mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ruwan da gishiri yake tafe. Inda ya tsaya ya bushe, gishirin ya zama ƙwayoyi a cikin ƙofofin dutsen, ƙwayoyin su girma su tura jikin dutsen har ya fashe ya zama gari. Abin bai tsaya nan ba. Gishiri yana jan ruwa daga iska da zarar danshinta ya haura kusan kashi 75 cikin ɗari, sai ya narke, in ta bushe ya sake ƙullewa. A gari na bakin teku irin Jidda danshin yana haura wannan iyaka yana sauka a kai a kai, kowane zagaye kuma ƙaramar guduma ce a cikin dutsen. Alamar ita ce layin fari-fari a gindin bango, yaɓe ya kumbura, ka ƙwanƙwasa ka ji amon fanko.

Mai gida ya ga haka, sai ya kira birkila ya kankare ya shafe da siminti, wani ma ya bi da fentin mai ko tayil. Shekara ɗaya ko biyu bango ya yi kyau. Amma siminti ya toshe wa danshin hanyar fita, sai ya ƙara hawa sama yana neman inda zai numfasa, ya kai ga ɗamarar katako ta farko da a da take a bushe. Gishirin da a da ke taruwa a yaɓe yanzu a bayan simintin yake taruwa, cikin dutsen kansa. Simintin ma da nasa gishirin yake zuwa. Ranar da faifan simintin ya ɓalle, da fuskar dutsen yake tafiya, a tarar da bayansa gari. Duk wanda ya ga abin da filastar siminti ke yi wa tsohon ginin ƙasa a Kano ko Zariya ya ga irin wannan ciwon da idonsa, kayan ne kawai suka bambanta. Rodi ma haka: ƙarfe cikin dutse mai gishiri yana tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, sai ta tsaga abin da aka sa ta ta riƙe.

Katako kuwa in yana bushe yakan yi ɗaruruwan shekaru, in ya jiƙe sai ruɓa da gara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gara ma danshi ke yi mata jagora. Kawunan sandunan rufi da ke binne cikin bango su ke fara tafiya, daga waje ba a gani. Ɗamarar da ta ruɓe tana barin rami a tsawon bangon, dutsen sama ya zauna a kan iska, fuskar waje ta fara turo ciki, wata rana ta zube gaba ɗaya ta bar ɗakuna a buɗe. Roshan da katakan gindinsa suka ruɓe yakan sunkuyo gaba yana jan bangon. Ga gobara kuma, wadda ta sha cinye gidaje a Balad: tsofaffin wayoyin lantarki, busasshen katako, lunguna da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Ruwan da aka kashe wutar da shi ma yakan ƙarasa abin da wutar ta bari.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke kan tsibiri a Sudan, a ɗaya gaɓar Bahar Maliya, inda alhazanmu na zamanin tafiyar ƙasa suke tsallakawa zuwa Jidda. Gininta iri ɗaya ne da na Balad: murjani, ɗamarar katako, nura, rawashin. Da aka buɗe tashar Fot Sudan a 1909 ciniki ya koma can, masu gidaje suka bi shi, aka daina yaɓe da gyaran indararo. Cikin 'yan shekarun da ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba yawancin gidajen tsibirin suka zama tsibin duwatsu.

Gyara na gaskiya daga ruwa yake farawa, ba daga ado ba. A gano inda yake fitowa, a toshe bututu mai yoyo, a kwashe ramin bahaya a haɗa gidan da magudana, a sauke tanki daga rufi, a buɗe indararo. Idan kwalta ko daɓen titi ya haura gindin bango, a sauke shi a bar wa gindin wurin numfashi. Sai a tokare duk inda ake tsoro, ciki da waje. Kafin a taɓa dutse ɗaya a zana gidan, a ɗauki hoto, a sa wa kowane katakon roshan lamba. Kowace tsaga a manna mata ɗan siririn gilashi a rubuta kwanan wata a gefe. In ya fashe bayan wata biyu, tsagar tana da rai, sau da yawa matsalar tana harsashi, cusa ta ɓata lokaci ne. In bai fashe ba, tsohon ciwo ne da ya warke.

Siminti da hannu ake cire shi, da kurfi da ƙaramar guduma, kaɗan-kaɗan. Injin fasa kankare yana girgiza cikon tsakiyar bango ya zube. Bayan an cire, a bar bangon ya sha iska watanni. Inda gishiri ya yi yawa ana manna masa jiƙaƙƙen yumɓu ko dusar takarda da ruwa mai daɗi, ya bushe ya zuƙo gishirin, a ɓamɓare a sake, ko a yi masa yaɓe mai rauni da gangan wanda za a kankare bayan shekara ɗaya ko biyu. Ruɓaɓɓiyar ɗamara gaɓa-gaɓa ake canza ta, ba a buɗe fiye da kimanin mita ɗaya a lokaci guda, sabon katakon a haɗa shi da tsohon da ke da lafiya, a kuma shafa masa maganin gara tun kafin ya shiga. Ramukan da ke cikin bango ana ɗura musu nura mai ruwa-ruwa daga ƙasa zuwa sama, kaɗan a rana, don in aka cika da yawa lokaci guda nauyin ruwan zai iya tura fuskar bangon waje. Dutsen maye gurbi kuwa, wanda aka tsinto daga gidajen da suka riga suka rushe ya fi, bayan an jiƙa shi an rage masa gishiri. Fasa murjani mai rai a teku ɓarna ce da ba a lamunta yau, dutse mai tauri daga wani wuri kuma zai tura danshi ga maƙwabtansa masu taushi su lalace da wuri.

Yaɓen shi ne inda gaggawa ke ɓata aiki. Nurar da ta tsumu aƙalla wata uku ake so. Awo na yau da kullum kwano ɗaya na nura ne da kwano uku na yashi mai kaifi, wankakke. Yashin teku da ba a wanke ba gishiri ne aka mayar wa bango da hannu, ruwan kwaɓi ma dole ya zama mai daɗi. A jiƙa bangon kafin a yaɓa, in ba haka ba dutsen zai zuƙe ruwan kwaɓin ya bar gari. Shafi uku ake yi, kowanne kada ya wuce santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a karce na ƙasa don na sama ya kama, a ba kowanne kwanaki. A zafin Jidda sai an rataya jiƙaƙƙun buhuna ana yayyafa musu ruwa, domin nurar da ta bushe kafin ta sha iska ba ta kama ba, ko da ta yi fari ta yi kyau. Daga ƙarshe a bi da ruwan nura siriri, shafi da yawa. Ɗan kwangilar da aka ba wa'adin wata uku zai so ya zuba ɗan siminti a kwaɓin don ya kama da wuri. Mai sa ido a kan aikin, wannan ne wurin da ya kamata ya kafa ƙafa ya ƙi.

Ta fuskar doka Balad ba ta rasa kariya ba. Tun wajen 1980 aka bi gidajen aka kasa su daraja uku, aka hana rushe su. Yankin da UNESCO ta amince da shi kimanin hekta 18 ne, kuma a 2019 gwamnati ta ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da faɗuwa, wato ƙasa da miliyan ɗaya ga kowane gida, kuɗin tokara da tsayar da lalacewa ke nan, ba na kammala gyara ba. Sai dai dokar hana rushewa ba ta tilasta wa kowa yaɓe. Gida da yawa na magada ne masu yawa da suka warwatsu, wasu wakafi ne, kuma samun sa hannun kowa kafin a kashe kuɗi aiki ne mai cin shekaru. Mai gidan da aka hana shi rushewa, filinsa kuma yana da tsada, ba abin da zai yi illa ya rufe ƙofa ya jira. Gidan da aka rufe kuwa ya fi wanda ake ciki saurin mutuwa: ba iska, ba mai ganin ɗigon farko, ba mai jin warin danshi.

Gidan Nasif ya tsira ne don bai taɓa zama marar mai shi ba. Jikan mai gidan, Muhammad Nasif, malami ne da ya tara dubban littattafai a ciki, ƙofarsa a buɗe ga masu ilimi har ya rasu a 1971, bayan shekara huɗu kuma hukuma ta karɓa. Amma zamansa gidan tarihi bai canza halin manƙabi ba. Na'urar sanyaya ɗaki in aka sa ta don baƙi tana busar da iskar ciki, ta jawo gishiri zuwa fuskar bangon ciki inda adon yake. Taron masu ziyara nauyi ne a kan sandunan gandal da suka haura shekara 140. Ruwan Jidda kuma, duk da ƙarancinsa, a dunƙule yake zuwa, kamar na 25 ga Nuwamban 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, wanda ya zubar da fiye da ruwan shekara cikin 'yan sa'o'i ya hallaka mutum sama da 100 a garin. Rufin ƙasa mai indararo ɗaya a toshe, a irin wannan rana, tafki yake zama, nauyin ruwan da jiƙewar daɓen su sauka a kan sanduna lokaci guda. Don haka mai kula da irin wannan gida yake hawa rufi tun watan Oktoba, ya share bakin kowane indararo, ya zuba bokitin ruwa ya ga inda ya bi, ya cike tsagar daɓe da nura, sannan ya sauko ya bi gindin bango yana ƙwanƙwasawa da hannu yana saurare.